Gidan Kaymakamlar na Safranbolu: yadda za ka je, da abin da za ka duba in ka shiga

Safranbolu ƙaramin gari ne a arewacin Turkiyya, cikin lardin Karabuk. Daga Ankara tafiyar awa uku ce a mota, daga Istanbul kuwa awa biyar zuwa shida. Tun ƙarni na 13 ayarin fatake ke yada zango a nan, har zuwa lokacin da jirgin ƙasa ya karɓe kasuwar a farkon ƙarni na 20. Arzikin fatauci da jima da ƙira shi ya gina gidajen benen katako da suka sa hukumar UNESCO ta shigar da garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1994. Ɗaya daga cikin gidajen nan shi ne Gidan Kaymakamlar, wanda hukuma ta karɓa a 1979, ta gyara shi, aka buɗe shi ga jama'a a 1981.

Masu ziyara da yawa kan shiga gidan su fito cikin minti goma sha biyar, wayarsu cike da hotuna, amma in ka tambaye su me ya sa aka yi ƙofar ɗaki a kusurwa sai su yi shiru. Bahaushe bai kamata ya yi irin wannan shigar ba, domin ya riga ya san dokar da ta tsara gidan. Duk wanda ya tashi a gida mai zaure da shigifa da cikin gida ya san inda baƙo ke tsayawa da inda ba ya wucewa. Tunanin nan ne magina suka bi a Safranbolu, sai dai su sun ɗora shi hawa-hawa da katako, mu kuma mun shimfiɗa shi a ƙasa da jar laka. Da wannan idon nake so ka shiga. Wannan jagora na matafiyi ne da ya je Turkiyya fatauci ko asibiti ya samu kwana biyu a hannu, da kuma ɗalibanmu na Jami'ar Karabuk, waɗanda bai fi kilomita goma ya raba su da tsohon garin ba.

Mataki na farko: zaɓen rana

Kada ka je Asabar ko Lahadi in kana da zaɓi, musamman a watannin zafi, daga Yuni zuwa Agusta. A irin ranakun manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ke sauke mutane tuli, matakalar gidan kuwa ƙunci gare ta, ga ta ta katako. Da safe a tsakiyar mako za ka iya samun ɗaki kai kaɗai. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba lokaci ne mai kyau, don a nan ake tsinkar furen za'afaran a ƙauyukan kewaye, kuma zafi ya sauka. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne mai shiga ƙashi, wani lokaci har da dusar ƙanƙara, duwatsun hanya su yi santsi. Lokacin buɗewa da rufewa yana canzawa tsakanin zafi da hunturu, saboda haka ka tambayi mai masaukinka tun da dare.

Mataki na biyu: hanya

A Ankara ka je babbar tashar da ake kira AŞTİ, a Istanbul kuma tashar Esenler. Wajen yankar tikiti ka tabbatar an rubuta Safranbolu, don wasu motocin a Karabuk suke ƙarewa. In hakan ta faru ba wata matsala, ƙananan motocin haya da suke kira dolmush suna zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu duk yini.

Abin da ke rikita baƙo shi ne garin kashi uku ne. Akwai Kirankoi, inda shaguna da bankuna na zamani suke, nan ne mota za ta fara ajiye ka. Da can unguwar Kiristocin Girka ce, kafin musayar jama'a da aka ƙulla tsakanin Turkiyya da Girka a 1923. Akwai Baglar a kan tudu, unguwar lambuna. Sai Carshi, wato tsohon gari, can ƙasa cikin kwari. Nan ne za ka. A jikin allo za ka ga an rubuta Çarşı ko Eski Çarşı. Daga Kirankoi ka hau dolmush, ko ka gangara da ƙafa in ba ka da kaya, tafiyar kamar kilomita biyu ce.

Ka sa takalmi mai faɗin ƙasa wanda ba ya wahalar cirewa. Lungunan duk daɓen dutse ne, hawa da gangara. 'Yan'uwa mata, takalmi mai tsini ba zai yi ba ko kaɗan. Ka riƙe canjin Lira a aljihu saboda kuɗin shiga da na mota.

Mataki na uku: ka fara hawa tudu kafin ka shiga gida

Gidan yana kan hanyar da ta haura tudun Hidirlik, bayan Jinji Han, tsohon masaukin fatake da aka gina a 1645. In ka iso ƙofarsa, ka daure ka wuce. Ƙarasa hawan tukuna. A kan tudun akwai tsohon filin salla na waje, kuma daga can kana ganin Carshi gaba ɗaya kamar a tafin hannu.

Ka tsaya ka lura da yadda gidajen suka jeru a jikin gangara. Babu wanda ya tare wa maƙwabcinsa rana ko iska. Kasuwa da masallatai da gidan wanka suna tsakiyar kwarin, gidajen zama sun kewaye su, majema kuma an kai su can ƙasa inda ruwa ke ficewa daga gari. Kwarin yana kare mutane daga iskar hunturu, shi ya sa a da masu hali ke da gida biyu: su yi sanyi a Carshi, in zafi ya shigo su kwashe iyali su haura Baglar cikin inabi da itatuwa. Gidan da za ka shiga na lokacin sanyi ne, na cikin gari. Riƙe wannan zai taimake ka fahimtar abubuwa da yawa a ciki.

Daga nan kuma za ka gane dalilin da gidajen suka tsira. A 1937 aka aza harsashin masana'antar ƙarfe a Karabuk. Aiki da kuɗi da sabbin gine-gine duk suka karkata can, tsohon gari ya zama ba mai sha'awar rushe shi ya gina na siminti. Sai a tsakiyar shekarun 1970 hukumar gari da malaman jami'a suka tashi tsaye a kan kare shi. Yau gine-ginen da aka yi wa rajistar kariya a garin sun haura dubu.

Mataki na huɗu: zagaya bango daga waje

Gangaro ka tsaya nesa kaɗan da gidan. Hawan ƙasa na dutse ne, kusan babu taga ta ɓangaren titi. Hawa biyun da ke sama ƙashin katako ne aka cike tsakaninsa da tubalin laka, aka yaɓe, aka shafa farar ƙasa. Ka duba yadda ɗakunan sama suka turo kai bisa titi, an tokare su da gungumen itace daga ƙasa. Filin gini a lungu karkatacce ne, to da wannan dabarar magini ke samun ɗaki mai kusurwa daidai a sama, ga ƙarin haske, ga damar hango titi dama da hagu. Rufin jan tayil ne mai dogon baki, don ruwan sama kada ya ci laka.

Tagogin sirara ne dogaye, da murfin katako. Wasu suna da ragar itace da suke kira mushabak, wadda ke ba na ciki damar ganin waje ba tare da an gan shi ba. Ƙofar gida mai ƙyaure biyu ce, ɗaya na shigar mutane, in aka buɗe duka biyun dabba da kayanta ta shige. Ka dubi aikin ƙarfen da ke jikinta: ƙusoshi masu faɗin kai, sakata, zoben ƙwanƙwasawa. Maƙeran garin ne suka ƙera, kuma jikokin sana'ar suna nan suna aiki a kasuwa.

Mataki na biyar: shiga

Yi sallama. Selamün aleyküm suke cewa, za su gane taka. Wanda ka tarar yana aiki ka ce masa kolay gelsin, ita ce sannu da aikinsu, tana buɗe fuska. Ka biya kuɗin shiga. A irin waɗannan gidaje akan ba ka leda ka sa a kan takalmi, ko a ce ka cire shi. Ka yi yadda aka ce, daɓen katakon ya haura shekara ɗari biyu ko ya doshi haka, tunda ana ganin an gina gidan tsakanin ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19. Mai gidan, Haji Mehmet Efendi, shi ne kwamandan barikin sojan garin a zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, kuma daga muƙaminsa na soja, wato kaymakam, gidan ya samo suna.

Abu ɗaya ka sani tun yanzu: an jera mutum-mutumi sanye da tufafin da a ɗakunan, wasu na cin abinci, wasu na bikin aure. Wanda ba ya son haka kada ya zo ya yi mamaki. A ganina ma sun fi ɗauke hankali fiye da amfanin da suke yi, domin mutane kan tsaya hoto da su su manta da bango da rufi, alhali a can ilimin yake.

Hawan ƙasa ba na zama ba ne. Suna kiran filin shigowar hayat. Nan ake ɗaure dabbobi, a tara itacen hunturu, a ajiye hatsi, a ɗora manyan tukwane in za a dafa abin ajiya na shekara. Kada ka yi saurin wucewa don ba ado. Gidan da zai ciyar da kaka da 'ya'ya da surukai da jikoki tsawon sanyi, daga nan ƙarfinsa yake.

Hawan tsakiya rufinsa gajere ne, don ɗumi ya zauna. Nan kicin yake, nan ake yini, nan ake fakewa in sanyi ya tsananta. Hawan sama shi ne mai tsayin rufi da yawan tagogi da ado. Ɗakunan suna buɗewa cikin wani falo na tsakiya da mutanen garin ke kira cardak.

Mataki na shida: zauna da ɗaki ɗaya

Nan ne ya kamata rabin lokacinka ya tafi. Zaɓi ɗaki ɗaya a hawan sama ka ƙi fita sai ka karance shi.

Fara da ƙofa. A kusurwa take, kuma in ka buɗe ba kai tsaye idonka ke faɗawa tsakar ɗaki ba. Akwai ɗan lungu ko kariyar katako da ke tilasta maka juyawa. Wanda ke falo ba zai ga matar da ke zaune ciki ba ko da an bar ƙofa a buɗe, iskar sanyi ma ba ta shiga kai tsaye.

Sai ka lura babu gado, babu tebur, babu kujera mai ɗaukuwa. Dakalin katako ne ya bi jikin bango ƙarƙashin tagogi, an shimfiɗa masa katifu da matasai, suna kiransa sedir. Wurin da ya fi daraja shi ne kusurwar da ke nesa da ƙofa, na babba ne ko baƙo. Tsakar ɗaki fili ne. Lokacin abinci a shimfiɗa ƙyalle, a ɗora babban faranti a kan ɗan gajeren mazauni, a kewaye shi. An gama a kwashe. Da dare a buɗe kabad ɗin jikin bango, wanda suke kira yukluk, a fito da katifa da bargo a shimfiɗa, da safe a naɗe a mayar. Akwai murhu a jikin bango ɗaya mai hular hayaƙi, da ƙananan kantoci gefe da gefe na fitila da buta. Can sama kusa da rufi wata siririyar kanta ta zagaye ɗakin, ta jera kwanuka da 'ya'yan itace.

Yanzu ka nemi kabad ɗin da aka bari a buɗe. Leƙa ciki. In aka kwashe katifun aka ɗaga katakon ƙasa, sai ga ɗan wurin wanka, iya tsugunon mutum ɗaya, da hanyar da ruwa ke bi ya fita. A ɗora ruwa a murhun ɗakin, a zuba a buta, a shiga a ja ƙyaure. Gusulhane suke ce masa, wato wurin wankan tsarki. Ka yi tunanin amarya a gidan da surukinta da surukarta da ƙannen miji duk suna bene ɗaya. Maginin ya san kunyarta, ya san kuma hukuncin sallar asuba, sai ya warware mata duka biyun cikin faɗin katifa ɗaya. Babban wanka na mako a gidan wankan gari ake yi, irin Jinji Hamam da ke bakin kasuwa, amma wannan na sirrin ɗaki ne. Ni a wurina babu abin da ya kai shi a gidan gaba ɗaya. Shi ke nuna maka cewa kowane ɗaki gida ne cikakke na miji da mata da 'ya'yansu, inda za su kwana, su ci, su yi wanka, su ji ɗumi, ba tare da sun fita daga inuwar babban gida ba.

Kafin ka fita ɗaga kai. Rufin ƙananan katakai ne aka harhaɗa su cikin zane, da cibiya a tsakiya. Yawan aikin rufi shi ke gaya maka darajar ɗaki. Kwatanta na ɗakin baƙi da na sauran za ka gani.

Mataki na bakwai: kabad mai juyawa

Gidan ya rabu biyu: selamlik na maza da baƙi, haremlik na iyali. Ka tambayi ma'aikaci ya nuna maka donme dolap. Kabad ne mai siffar ganga a tsaye cikin bango, gefe ɗaya a buɗe, da kantoci a ciki, yana juyawa a kan sanda. Mace ta jera kwanukan abinci daga ɓangarenta ta juya shi, namiji ya ɗauka a nasa ɓangaren, ya mayar da kwanon da aka gama da shi ta hanya ɗaya. Ba wanda ya ga wani. In an ba ka izini ka taɓa, juya shi a hankali da yatsa biyu.

A nan ya dace ka tuna da waɗanda ke bayan kabad ɗin. Ruwan da ake ɗorawa, itacen da ake haurawa da shi bene, katifun da ake naɗewa kullum safiya, duk aikin mata ne, surukai da 'yan matan riƙo da gidaje da yawa ke ɗaukowa su taya aiki har a aurar da su. Allunan bayani sun fi ambaton mai gida. Ka ƙirga matakalar da ke tsakanin wurin itace da murhun hawan sama, za ka san nauyin da ke kansu.

Mataki na takwas: rarrabe tsoho da gyara

Gidan da aka gyara ba gidan da aka bari yadda yake ba ne, kuma wannan ba aibi ba ne. Katako yana ruɓewa, laka tana zubewa, dole a canza. Amma yana da kyau ka san me kake kallo. Tsohon katako ya yi duhu, gefensa ya side, wani wuri kana ganin sawun gizago. Sabo ya fi haske, ya miƙe sak irin yankan inji. Ƙusar maƙeri kanta ba ya zama daidai da na 'yar'uwarta. Bakin matakala da dokin ƙofa in sun lotsa a tsakiya, ƙafafun masu gida ne suka cinye su. Kayan da aka jera kuwa, tufafi da tagulla da darduma, a gidajen tarihi irin wannan sau da yawa tattaro su ake yi daga gidaje daban-daban don a nuna zamanin. Nuna abu ka ce bu orijinal mi, wato wannan na asali ne? Tambayar takan sa ma'aikaci ya saki jiki ya nuna maka abin da ba ya cikin allo.

Kada ka zauna a kan shimfiɗar da aka kewaye da igiya, kada ka jingina da farin bango, kada ka kunna hasken kyamara a kan tsohon yadi. In da yara, riƙe hannunsu a matakala. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa. Akwai lambu a gidan, ka zauna ka huta kafin ka gangara.

Mataki na tara: kasuwar da ta gina gidan

In lokacin salla ya yi, masallacin Koprulu Mehmet Pasha na 1661 yana tsakiyar kasuwa, da agogon rana a harabarsa. Jikinsa ne Yemenijiler Arastasi, rumfunan dukawa guda 48 inda ake ɗinka takalmin fata a da, yanzu galibi tsaraba ake sayarwa. Gangara kaɗan ka ga masallacin Izzet Mehmet Pasha na 1796, wanda aka ɗora bisa rafi. Bayansa maƙera suke. Tsaya ka kalli yadda ake bugun zoben ƙofa da sakata, irin waɗanda ka gani ɗazu. In da sauran ƙarfi, haura ɗaya tudun inda tsohon gidan gwamnati na 1904 yake, wanda ya ƙone a 1976 aka gyara shi ya zama gidan tarihin gari, da hasumiyar agogo ta 1797 a bayansa.

Abinci ba wuya. Nemi bukme, gurasa ce mai naɗe da ganye ko nama, ko peruhi, ko zerde, shinkafa mai zaƙi da za'afaran. Alewar lokum ta garin ba ta cika zaƙi ba, kuma ana ba da ɗanɗano kafin ka saya. Za'afaran kuwa ka sayi mai zare-zare ja, kada ka sayi gari, kuma in ka ji araha ƙwarai ka bar shi, domin kowane fure zare uku kacal yake bayarwa.

Mataki na goma: kwana, da gidan da ba a mai da shi na hukuma ba

In hali ya yi, kwana a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen da aka mai da masauki, suna kiransu konak. A da yawansu ban-ɗakin yana cikin kabad har yanzu, an dai sa masa famfo. Ka nemi ɗakin hawan tsakiya in lokacin sanyi ne. Mai ciwon gwiwa ya tambayi yawan matakala kafin ya biya.

Washegari ka je ƙauyen Yoruk, kilomita 11 daga gari ta hanyar Kastamonu. Gidan Sipahioglu da ke can yana hannun zuriyar masu shi, su ne ke zagayawa da baƙi, kuma bangonsa na da zanen fenti na da. Gyaran bai kai na Kaymakamlar tsafta ba, amma a can za ka ji bayani daga bakin wanda kakanninsa suka kwana a ɗakunan. A ƙauyen akwai kuma tsohon wurin wanki na jama'a, da faffaɗan dutse a tsakiya inda mata ke haɗuwa. Motar haya ba ta yawan shiga ƙauyen, don haka ka yi ciniki da mai tasi tun daga Carshi a kan zuwa da jira da dawowa, ku yanke kuɗi kafin ka shiga mota.